Stanza ɗaki ce ko baiti? Ga kuma strofa ta zo ta ƙara rikita ni

Maman_Husna:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah masana harshe da masu harkar waƙa ku zo ku fitar da ni daga duhu, abin ƙarami ne amma tun shekaranjiya ya tsaya min a rai. Na ɗan fara koyon Italiyanci ne a waya, irin na minti goma kafin barci ɗin nan, to sai aka kawo wata jimla wai "la stanza è grande" aka ce in fassara, ni kuwa da ƙarfin gwiwata na ce ai wannan na san ta tun muna sakandare, stanza baitin waƙa ce, malamin adabin Turanci ya sha sa mu ƙirga su, na danna amsa ina murmushi, sai ga jan layi wai na faɗi. Ashe ma'anar jimlar ɗakin yana da girma. Ɗaki fa jama'a! Me ya haɗa ɗaki da waƙa?

Ban haƙura ba na buɗe ƙamus na nemi yadda su Italiyawan suke cewa baiti, abin da ya fara fitowa shi ne strofa, stanza ɗin ma a baya ta biyo. Shegen son bin diddigi ya sa na dinga sauya harshe, na sa Rashanci aka ce strofa, na sa Polanci strofa, Sabiyanci strofa, Bulgeriyanci ma haka. To ni a iya sanina Italiyanci jikan Latin ne, su kuma waɗancan danginsu daban, harsunan Silafawa ake ce musu. Wa ya ara a wurin wa kenan? Kuma in Ba'italiye zai ce baiti na biyu, wacce zai ɗauka a cikin biyun? Na gode, Allah ya ƙara sani.

Ɗan_Gata_99:

Hhhh Anti sannu da ƙoƙari. Ni dai a ganina Rashawa ne suka kwafa daga Italiya, ai duk wani abin kiɗa da waƙa a Turai daga can yake fitowa, su fiyano su opera. Amma bari malamai su zo, ni ɗan kallo ne.

Malam_Na_Alƙalami:

Wa alaikumus salam Maman Husna, tambaya ta yi kyau wallahi. Ɗan Gata ka yi kusa amma ba ka taɓa ba, ba wanda ya kwafa a wurin wani a cikinsu, rijiya ɗaya suka ɗebo, rijiyar kuwa Girkanci ce. Kalmar strophe a tsohon Girkanci ma'anarta juyawa, ko juyi. Latin ta karɓa, malaman makarantun Turai suka yi ta koyar da ilmin waƙa da ita ɗaruruwan shekaru, shi ya sa kike ganinta a Italiyanci da Sifaniyanci da Jamusanci da Faransanci da kuma harsunan Silafawa, kowa ya ɗan gyara mata zama a bakinsa. Ki duba yadda Rashawa suke rubuta ta ma, строфа, harafin nan na kusa da ƙarshe mai kama da ƙwallo an soke shi da tsinke, harafin Girkanci ne aka ɗauko shi ɗungurungum. Bambancin sai a wurin furuci, Ba'italiye yana danna muryarsa a gaɓar farko, Barashe kuma a ta ƙarshe.

Me ya sa juyawa? A Atina, wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), in ana wasan kwaikwayo akwai wata ƙungiyar 'yan amshi, mutum 12 daga baya aka mai da su 15, ba a tsaye suke waƙa kamar gumaka ba, suna yi suna taka rawa. Za su rera kashi ɗaya suna tafiya ta wannan ɓangaren fili, wannan shi ne strophe, sai su juyo su rera kashi na biyu a kan kari iri ɗaya sak suna komawa inda suka fito, shi ne antistrophe, wato juyin mayarwa, sannan su tsaya cik su rera na uku, epode. Kin ga kenan asalin baiti a wurinsu gwargwadon waƙar da za ka rera kafin ƙafarka ta juya ne. Da ƙafa aka auna shi.

Stanza kuwa 'yar gida ce a Italiya, ba aro ba. Daga aikatau na Latin stare ta fito, wato tsayawa. Wurin tsayawa, masauki, daga nan ta zama ɗaki. Waɗancan ɗakuna huɗu na fadar Batikan da Rafayel ya yi wa zane a bango, har yau Stanze ake ce musu, jam'in stanza kenan. Mawaƙan Italiya na ƙarni na 13 da 14 sai suka ɗauki kalmar suka ba wa kashin waƙa, kuma ba haɗari ba ne, sun san abin da suke yi. Dante da kansa, babban mawaƙin Italiya, a wani littafi da ya rubuta da Latin wajen 1304 yana gudun hijira, De vulgari eloquentia, wanda bai ma ƙarasa shi ba, ya tsaya ya yi bayanin sunan, ya ce an kira ta haka ne saboda ita ce ɗaki mai faɗi da yake ɗauke da duk fasahar waƙar. Abin da yake nufi, in ka gina baitin farko ka gama aiki, yawan ɗango da tsawonsu da tsarin amsa-amo duk suna ciki, sauran baitocin sai dai su bi wannan zubin, kamar magini ya fitar da ɗaki ɗaya sauran a yi ta bugawa a kansa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɗakin har makulli gare shi. A irin waƙar da suke ce wa canzone, baiti yana rabuwa biyu, na sama fronte wato goshi, shi ma yakan rabu zuwa piedi biyu wato ƙafafu, na ƙasa kuma sirma wato jela, sannan akwai ɗango ɗaya a tsakiya da yake ɗauko amsa-amon ƙarshen na sama ya haɗa shi da na ƙasa, sunansa chiave, makulli. Goshi, ƙafa, jela, makulli, wata irin halitta dai.

Amsar tambayarki ta ƙarshe a taƙaice: Ba'italiyen yau in yana maganar waƙar da ya ji a rediyo ko wadda aka ba yaro hadda a makaranta, strofa zai ce, seconda strofa, baiti na biyu. Stanza da ma'anar baiti sai a ajin adabi, in ana maganar canzone ko baiti mai ɗango takwas. In kika tsayar da mutum a titi kika ce stanza, ɗaki zai nuna miki. Turawan Ingila ne suka ari kalmar a ƙarshen ƙarni na 16 lokacin da suke haukan duk wani abu na Italiya, suka ɗauki ma'anar waƙa suka bar ɗakin a can, mu kuma ta hannunsu muka ji ta, shi ya sa manhajar ta kayar da ke.

Maman_Husna:

Allah ya gafarta Malam, kai wannan bayani ya wanke min zuciya, Allah ya saka da alheri. Wato ɗaya tsayawa ɗaya juyawa, kuma abu ɗaya suke nufi, ikon Allah. Amma Malam wannan mai ɗango takwas ɗin da ka ambata a gurguje, mene ne shi?

Malam_Na_Alƙalami:

Amin Hajiya. Ottava rima suke ce masa. Ɗango takwas, kowanne gaɓa 11. Shidan farko amsa-amonsu yana yin tsallake, na 1 da 3 da 5 su tafi tare, na 2 da 4 da 6 su tafi tare, sai na 7 da 8 su zo da sabon amo nasu su kaɗai a jere, kamar an ja ƙyaure an rufe. In kin ji an karanta shi ko ba kya jin yaren za ki gane inda ɗakin ya ƙare. Da shi mawaƙan Italiya Ariosto da Tasso suka rubuta dogayen waƙoƙinsu na yaƙi da jarumta a ƙarni na 16. Kuma bai mutu a littafi ba, a yankin Toskana da Laziyo har yanzu akwai masu gasar ƙirƙirar sa nan take a gaban jama'a, mutum biyu suna ja-in-ja, sharaɗin shi ne dole ka fara naka baitin da amsa-amon da abokin karawarka ya rufe nasa da shi, to in mugu ne sai ya rufe da amo mai wuya ya bar ka kana zufa.

Injiniya_Sadiq:

Salam. Ni ba masanin adabi ba ne ko kusa, injiniyanci ya kai ni Polan, amma an tilasta mana shekara guda ta koyon yare kuma a nan na ci karo da abin nan, bari in ƙara ɗan abin da na gani. Gaskiya ne akwai strofa a Polanci amma wallahi ni a bakin mutane ban cika jin ta ba sai a littafi, abin da kowa yake cewa shi ne zwrotka, a furta kamar zubrotka a haɗiye wasalin farko. Malamarmu takan kunna mana waƙa ta raba takarda da guraben cikewa, sai ka ji ta ce pierwsza zwrotka, baitin farko, mu sake, har sai da kalmar ta zauna min daram. To yanzu da na karanta bayanin Malam sai kaina ya yi wani haske, domin zwrot a yarensu juyi ne, ita ce kalmar da ake ba soja umarni da ita ya juya, ita ce kuma ake cewa in ka mai da kaya kanti a dawo maka da kuɗinka, wato dai zwrotka 'yar ƙaramar juyawa ce, ma'anar Girkancin nan ce sak amma da kayan gida. Suna da kalmar aro ta malamai, suna da tasu ta kowa da kowa, kuma duka biyun juyawa suke cewa.

Wani abin dariya kuma, ɗakin haya da ɗalibi yake kamawa a gidan wani, stancja suke ce masa, na zauna a irinsa wata takwas ban taɓa kawowa a raina yana da dangantaka da stanza ta ajin adabi ba sai yau. Wato su Polawa ɗakin suka riƙe.

Kuma Ɗan Gata ba a banza ya ambaci Italiya ba fa, akwai tsohuwar hulɗa tsakaninsu. 'Ya'yan manyan Polan da yawa a jami'ar Padua ta Italiya suka yi karatu a ƙarni na 16, ciki har da babban mawaƙinsu Jan Kochanowski. Taken ƙasarsu ma a Italiya aka rubuta shi, a garin Reggio Emilia a 1797, lokacin ƙasar tasu ba ta ma kan taswira maƙwabta sun rabe ta, sojojinsu suna can suna yaƙi a ɓangaren Napoliyon. Zwrotka huɗu ne a hukumance, da amshi a tsakani.

Bint_Khalil:

Ni abin da ya sa na kasa yin shiru, Anti Maman Husna kina mamakin ɗaki ya zama kashin waƙa, alhali ke ma kullum abin da kike faɗa kenan ba ki lura ba. Baiti fa? Ai baitun ce ta Larabci, gida. Baitullahi, baitulmali, duk ita ce. Mu muka are ta muka bar gidan a can, daidai yadda Turawan Ingila suka yi wa stanza. Kuma Larabawa sun fi Italiyawa nisa a wannan kwatance, domin Khalil bin Ahmad na Basra da ya tsara ilmin aruli a ƙarni na 8, kayan tanti ya bi ya raɗa wa sassan waƙa, sabab igiya ce, watad turke ne, rabin baiti kuma misra'i, wato ɓari ɗaya na ƙofa mai ƙyaure biyu.

Sai dai ina da gyara ɗaya, da neman afuwar Malam. Kada a ɗauka bait na Larabci daidai yake da strofa. A ƙasidar Larabci bait layi ɗaya ne mai ɓari biyu, a jera su hamsin ko ɗari da ƙafiya ɗaya tun daga sama har ƙasa, ba a tara su rukuni-rukuni. A Hausa ne kalmar ta buɗe ta zama rukunin ɗango, shi ya sa muke da ƙwar biyu, ƙwar uku, ƙwar huɗu, ƙwar biyar. Saboda haka baitin Hausa shi ne ya yi daidai da strofa, ɗango kuma shi ne verso na Italiyanci. Na ga masu fassara suna cakuɗa su, su ce wa verso baiti, sai lissafi ya rikice, a ce soneto baiti 14 ne, alhali ɗango 14 ne a baiti huɗu, biyu masu hurhuɗu biyu masu uku-uku.

Malam_Na_Alƙalami:

Babu neman afuwa Malama, gyaranki ya zauna, ni ma na ƙaru. Tun da kin kawo verso bari in ƙara miki wani, ita ma juyawa ce. Daga versus na Latin, juyin da manomi yake yi da garma in ya kai ƙarshen kunya ya kamo wata. Layin rubutu kunya ce kenan, in alƙalami ya kai gefen takarda ya juyo. Polawa sun karɓe ta ita ma, Injiniya zai gaya mana, wiersz waƙa ce rubutacciya, wers kuma ɗango. Rashawa su kuma a nan Girkanci suka sake komawa, ɗango a wurinsu stikh ne, daga kalmar da take nufin sahu ko jeri.

A Rashanci in waƙar baka ce ta kiɗa ba kasafai za a ce strofa ba, kuplet ake cewa, aron Faransanci, amshi kuma pripev. Stanza ma ta isa can amma ta bi ta Faransa tukuna, ta zama stansy, sunan wani nau'in waƙa da kowane baiti yake rufe maganarsa shi kaɗai ba ya tsallakawa cikin na gaba, kun ga hoton ɗakin bai ɓace ba. Kuma suna da baiti guda da suke ji da shi ƙwarai har suna da sunansa, baitin Onegin, wanda babban mawaƙinsu Pushkin ya ƙera ya rubuta labarin wani mai suna Onegin sukutum da shi tsakanin 1823 da 1831. Ɗango 14 ne, huɗun farko amsa-amo na tsallake, huɗu na biyu bibbiyu a jere, huɗu na uku na waje biyu su rungume na ciki biyu, sai biyun ƙarshe su rufe. Wato duk hanyoyi ukun da za a iya jera amo biyu a ɗango huɗu ya zuba su a ɗaki ɗaya, sannan ya ja ƙofa. Masu fassara shi zuwa wasu harsuna suna shan wuya ba kaɗan ba.

Zee_Mai_Furanni:

Kun bar wadda ta fi kowacce daɗi! A Kuroshiya da Sulobeniya baiti kitica ne, ana furta ta kititsa. Kita damin furanni ne ko tuntu ko kitso guda, kitica kuma ƙaraminsa, wato ɗan ƙullin fure. An tsinko ɗango uku huɗu an ɗaure su wuri ɗaya an miƙa maka. Ni dai tsakanin ɗaki da juyi da gida da wannan, wannan na zaɓa, a bar ni da son raina. Su ma sun san strofa, a Sabiya ma ita ta fi yawo, amma yaron firamare a Sulobeniya kitica zai ce. Cekawa kuma suna da sloka bayan strofa ɗin.

Sulobeniya ma abin nasu da ban sha'awa, taken ƙasarsu kitica ɗaya tak ake rerawa, ta bakwai daga wata waƙa da France Prešeren ya rubuta a 1844, Zdravljica. Suka tsallake na farkon suka ɗauko wadda take fatan ranar da al'ummu za su daina gaba, na ƙetaren iyaka ya zama maƙwabci. Kuma in aka buga waƙar a tsakiyar shafi kowane baiti siffar kofi mai ƙafa yake fitarwa, dogayen layuka a sama, gajeru a tsakiya, saboda waƙar ɗaga kofi ce a wurin biki. Ku nemi hotonta ku gani, abin sai ka ce zane.

Ɗan_Gata_99:

To ni dai na janye maganata, ashe Girkawa ne iyayen gidan. Amma Malam tsakani da Allah wannan stare ɗin da stan na ƙarshen Pakistan da Afganistan fa, ko kunnena ne kawai?

Malam_Na_Alƙalami:

Wannan karon ka harbi daidai ƙanina. Stan ta Farisanci wuri ce, inda ake tsayawa, kuma tushensu ɗaya da stare tun can asali, domin Farisanci da Latin da Girkanci da harsunan Silafawa duk kakansu ɗaya in aka bi salsala. A Sabiyanci da Kuroshiyanci ma stan gidan zama ne irin na bene, wannan ba aro ba ne, tasu ce ta gado.

Maman_Husna:

Kai jama'a na zo da tambaya ɗaya na tafi da buhu. Malama Bint Khalil kin ba ni kunya wallahi, shekara nawa ina cewa baiti ban taɓa jin gida a ciki ba. Na rubuta a littafina: strofa baiti, verso ɗango, stanza ɗaki sai in an shiga ajin adabi. Na koma manhajar ɗazu na gyara jimlar ta ba ni kore. Sai ga darasi na gaba wai a otal in kana son ɗaki ba stanza aka fi cewa ba, camera ake cewa. Malam kada dai ka ce min kyamarar wayata ma ɗaki ce.

Malam_Na_Alƙalami:

Ɗaki ce Hajiya. Camera obscura, ɗaki mai duhu, wanda ake huda ƙaramar kafa a bangonsa haske ya shigo ya zana abin da yake waje a kife a ɗaya bangon. Akwatin ɗaukar hoto daga nan ya samo sunansa. Amma wannan a buɗe masa wani zaren daban, kada masu gida su kore mu.